Kunne Kafin Sifana: Lacca a Kan Kuloci da Ƙarar "Gwaf" a Mota Mai Giyar Hannu



Iyayenmu shugabannin gareji, yayyena da muka daɗe muna kwanciya a ƙarƙashin mota tare, 'yan'uwa direbobi, da ku 'ya'yanmu masu koyo da na hango kun cika bencin baya, barkanku da zuwa. An nemi in yi magana a kan kuloci, da kuma ƙarar nan ta "gwaf" da direba kan ji idan ya saki ƙafa ko ya taka totur. Na amsa da murna, domin a ganina babu aikin da kuɗin talaka ke salwanta a kansa a banza kamar wannan.

Wata rana da azahar wani direban Hiace, dattijo mai iyali da ke jigila tsakanin Kano da Katsina, ya shigo wurinmu ransa a ɓace. Motarsa tana buga gwaf duk lokacin da ya tashi daga tsaye, ta sake bugawa idan ya ɗaga ƙafa daga totur. A cikin wata guda an sauke masa giyabos sau biyu. Karon farko an canza faranti. Karo na biyu aka ce wancan jabu ne, aka sa ya sayo wani, har da murfi da boris. Ƙara dai tana nan inda take. Na sa aka tokare tayoyi, aka mayar da giya firi, na shiga ƙarƙashi na kama farfela da hannu biyu na murɗa. Kuros ɗin baya yana kaɗawa kamar haƙorin da ya kusa faɗuwa, ga jan tsatsa kamar garin barkono yana zubowa daga kofunansa. Kafin la'asar an gama aikin. Dattijon nan ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya yi shiru, can ya ce mini kuɗin makarantar 'yarsa ne ya tafi a sauke giyabos ɗin nan biyu. Har yau maganar tana raina.

Waɗanda suka yi masa aiki ba ɓarayi ba ne, kuma sun iya kwancewa da ɗaurewa. Abin da suka tsallake shi ne tambaya da saurare. Sun ji ƙarar tana zuwa lokacin da ƙafa ta bar kuloci, sai suka ɗora wa kuloci laifi. Alhali a daidai lokacin nan ne ƙarfin inji ke bi ta cikin duk wata gaɓa da ke tsakaninsa da taya, kuma duk gaɓar da ta saki a layin za ta yi magana.

To, mu fara sanin abin da muke tuhuma. Inji ba ya son tsayawa. Ko a silo yana juyawa kamar sau 800 a minti, wato sama da sau 13 a daƙiƙa ɗaya, taya kuwa tana tsaye cik. Dole a sami abin da zai haɗa mai gudu da na tsaye a hankali. Ku ɗauki faifai ku sa shi tsakanin tafin hannuwanku. In kun matse, duk inda hannu ya juya faifai zai bi. In kun sassauta, hannu na juyawa faifai na zaune. Hannu na farko shi ne fulawil, wanda ke ɗaure a gindin kiranshaf. Hannu na biyu shi ne murfi mai matsewa. Faifan shi ne faranti, wanda tsakiyarsa ke da haƙora da suka hau kan shaf ɗin da ya shiga giyabos. A kasuwa ana cewa dis da filet, kuma sau da yawa mai saye da mai sayarwa sukan musanya sunayen, shi ya sa yau zan riƙa cewa faranti da murfi. Idan ka taka feda, waya ko man birki ya tura fok, fok ya tura boris ɗin rilis, boris ya danna yatsun murfi, murfi ya ja baya ya saki faranti. Aikin ke nan gaba ɗaya. Saboda haka laifin kuloci bai wuce ya ƙi riƙewa, ko ya ƙi saki, ko ya riƙe da karkarwa, ko ya yi kuka ba.

Kafin ka taɓa sifana, ɗana mai koyo, zaunar da direba ka tambaye shi. Yaushe abin ya fara? Da safe ne mota da sanyi, ko sai ta yi zafi? Da lodi ko babu? An yi wani aiki kwanan nan? Ta shiga ruwa, ko ta kafe a rairayi aka yi ta fama? Kada ka ji kunya don shi babba ne. Ka ce, "Baba, don Allah nuna mini yadda take yi," ka shiga ka zauna a gefensa ya tuƙa. Idonka a kan ƙafarsa ta hagu. Sau da yawa a nan za ka ga ciwon tun kafin ka ji shi.

Mu ɗauki kulocin da ya ƙi riƙewa, wanda muke cewa yana santsi. Alamarsa ba ta ɓuya: inji yana ihu, mota ba ta ƙara gudu, musamman a hawa ko a giya ta huɗu da ta biyar, sannan ga ƙauri mai kama da na birkin da ya ƙone. Gwajinsa iri biyu ne. A kan hanya, ka sa giya ta huɗu kana tafiya a hankali, ka taka totur har ƙasa. In ƙarar inji ta tashi ta bar gudun mota a baya, santsi ne. A tsaye kuma, a fili inda babu kowa a gaba, ka ja hambirki sosai, ka sa giya ta uku, ka ɗan ba da wuta ka saki kuloci a hankali. Lafiyayyen kuloci zai kashe inji nan take. In inji ya ci gaba da aiki ƙafarka a sama, faranti yana zamewa. Sau ɗaya ake wannan gwaji, na 'yan daƙiƙoƙi kawai, domin duk ƙarfin da bai kai ga taya ba zafi yake zama a cikin farantin.

Amma ko ka tabbatar da santsi, kada ka yi gaggawar cewa a sauke. Taɓa feda da hannu tukuna. Ya kamata ta ɗan yi wasa kafin ka ji nauyi. A yawancin motocin Toyota da muka saba da su, kamfani ya ba da wasa tsakanin milimita 5 zuwa 15, wato wajen kaurin ɗan yatsa. A motar da ake saita wayarta da hannu, yayin da faranti ke cinyewa yatsun murfi suna matsowa wajen boris, wasan nan yana raguwa har ya ƙare. Daga nan sai ya zama kamar akwai ƙafar da ke kan feda dare da rana. Sassauta noti biyu zai iya dawo da kulocin, in an yi da wuri. A mota mai aiki da man birki kuma, in wani ya ƙure saitin sandar kulocin sama, wato famfon man da feda ke turawa, har ta toshe 'yar kafar da mai ke komawa ta cikinta, mota za ta tashi lafiya da safe, in ta yi zafi mai ya kumbura ya rasa hanyar komawa, sai santsi ya fara. Na ga an sayi sabon faranti saboda wannan 'yar kafa.

Akwai kuma santsin da mai ke kawowa. Ka duba ƙasan inda inji ya haɗu da giyabos. In akwai jiƙa, dangwala da yatsa ka shinshina. Man giya yana da wari mai kaifi irin na ruɓaɓɓen ƙwai, baƙin mai ba shi da wannan. Hancinka zai gaya maka ko sil ɗin bayan kiranshaf ne ko na bakin giyabos. Wanda ya sa sabon faranti bai toshe yoyon nan ba, ya shirya sake saukewa.

Yanzu kulocin da ya ƙi saki. Direba zai ce giya ta ƙi shiga, ko tana kuka ƙurrr. A nan ne ake yawan zargin giyabos a kan laifin da ba nasa ba, kuma rarrabewar ba ta cin ko sisi. Kashe inji ka gwada giyoyin duka. In suna shiga sumul inji a kashe, amma suka ƙi da zarar an tayar, to faranti ne bai rabu da fulawil ba. In sun ƙi ko inji a kashe, duba sanduna ko wayoyin da suka tashi daga hannun giya zuwa giyabos, da bushin ɗinsu. In kuwa giya ɗaya ce tak ke kuka, galibi ta biyu, saura lafiya lau, wannan zoben tagulla ne na cikin giyabos da ke daidaita gudu ya cinye, ba ruwan kuloci.

Ribas ita ce babbar shaida. A yawancin tsofaffin motocinmu ribas ba ta da wannan zobe, don haka ba ta rufa wa kuloci asiri. Ka taka feda har ƙasa, ka ƙirga uku a ranka, ka sa ribas a hankali. In ta yi kuka, shaf bai daina juyawa ba, kuloci bai saki ba. Sai ka bi sawu daga sama. A Hiace, ko Hilux, ko 504, inda mai ke aiki, buɗe kofin ka ga ko ya ragu. Sa hannu a bayan feda ka taɓa kafet, domin kulocin sama yakan yi yoyo ta cikin mota inda ido ba ya zuwa. Ɗaga robar kulocin ƙasa, wanda ke tura fok, ka ga ko mai ya taru. Tattaka feda sau biyar da sauri ka sake gwada giya. In ta shiga, iska ce a layi ko roba ta gaji. Wani gwajin kuma: sa giya ta ɗaya, riƙe feda a ƙasa rabin minti. In mota ta fara rarrafe da kanta, kulocin sama yana sakin mai ta ciki, ko da ba ka ga ɗigo ɗaya a waje ba.

Bari in tsaya a kan man nan, domin abin yana damuna. Abin da ake zubawa shi ne man birki, DOT 3 ko DOT 4, gwargwadon abin da aka rubuta a murfin kofin. Yana shan ruwa daga iska a hankali, shi ya sa kamfanoni da dama ke cewa a canza shi duk shekara biyu. Baƙin mai ko man giyar otomatik in suka shiga, robobi sukan kumbura su lalace. Ruwan omo da wasu ke zubawa a daji don su iso gari, tsatsa yake shukawa a cikin bututu, kuma a motoci da yawa kofi ɗaya ne ke ciyar da kuloci da birki. Wanda larura ta sa ya yi haka, ya faɗa wa bakanike gaskiya ranar da ya iso, a wanke layin duka.

In sama lafiya take, sannan ne za a yi zancen ciki: faranti ya lanƙwashe, ko haƙoransa sun yi tsatsa sun ƙi zamewa a kan shaf, abin da kan faru ga motar da ta kwana a ruwa ko ta daɗe a ajiye, ko ƙaramin boris ɗin da ke tsakiyar fulawil ya kame yana jan shaf, ko kuma an ɗaura faranti a juye.

Sai kuka. A nan ƙafarka ce za ta yi wa kunnenka jagora. Mota a firi, inji a silo, ka saurara. In kana jin gurnani ƙafarka a sama, ka taka feda ya ɗauke, to abin da ya daina juyawa shi ne mai kukan, wato shaf ɗin giyabos da boris ɗinsa. Ka fara duba man giya kafin komai. In kuwa shiru ne ƙafarka a sama, da ka fara takawa sai ƙiii ko shuuu ya tashi, boris ɗin rilis ne, domin a lokacin ne ya ɗauki kaya. In kukan bai fito ba sai feda ta kai ƙasa kuma giya tana ciki, ka tuhumi ƙaramin boris na tsakiyar fulawil, domin a nan ne inji ke juyawa shaf yana tsaye. In kuma kukan yana nan ko inji a kashe, ƙiƙi-ƙiƙi duk lokacin da feda ta motsa, bushewa ce a maƙalar feda ko inda fok ke zama, ɗan giris ya wadatar.

Masu Golf, ku saurara da kyau, tunda tashoshinmu cike suke da ita. Golf 3, wadda Volkswagen ya fara fitarwa a 1991, da yawa daga cikin masu injin fetur suna ɗauke da giyabos da ake kira 020, kuma tsarinsa a juye yake. Murfi ne ke ɗaure a kiranshaf, fulawil ya hau bayansa. Boris ɗin rilis ba ya cikin ɗakin kuloci, yana can ƙarshen giyabos ta wajen tayar hagu, a bayan wani ɗan murfi, yana tura wata doguwar sanda da ta ratsa cikin shaf. Ma'ana ana iya canza shi ba tare da an sauke komai ba. Sandar nan kuma tana da ɗan ƙaramin sil, in ya mutu man giya yakan bi ta ya jiƙa faranti. Duk wanda ya sauke giyabos ɗin Golf ya mayar bai canza wannan sil ba, bai kyauta wa mai mota ba. Wayar kulocin Golf ma mai saita kanta ce, in ta kame takan kawo santsi ko ƙin saki, kuma kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin faranti ba.

Karkarwa lokacin tashi ba zan daɗe a kanta ba. Ko mai ya taɓa faranti, ko fuskar fulawil ta ƙone ta yi tabo shuɗi-shuɗi, ko kujerun inji sun mutu. Na ukun nan shi ne ƙofar da za mu shiga zancen gwaf.

Tambayar farko game da gwaf ita ce: ƙafa take bi ko hanya? Nemi wuri mai gargada a fili, ka ɗan ɗauki gudu kaɗan, ka taka kuloci ka bar mota ta gangara da kanta. In ƙarar tana nan tana bin ramuka, ƙafafun mota ne, boljoyin, ko tayarod, ko bushin, ko shakazoba, ko ma salansa da robarta ta tsinke tana dukan jiki. Kafin duk waɗannan, ina roƙonku, ku gwada notin tayoyi. Taya mai kwance tana yin gwaf-gwaf kafin ta fita, kuma wannan rai yake ɗauka. In kuwa hanya sumul take, ƙarar ba ta zuwa sai ka taka totur ko ka saki, to akwai wasa a layin da ƙarfi ke bi.

Fara da kujerun inji, domin su ne suka fi yawa kuma suka fi sauƙin gani. Roba ce da ƙarfe, zafin garinmu da baƙin man da ke ɗiga a kansu suna cinye su. Buɗe bonet, ja hambirki, tokare tayoyi, mai kallo ya tsaya a gefe, kada kowa ya tsaya a gaba ko a baya. Sa giya ta ɗaya ka ɗaga ƙafa har kuloci ya fara kamawa, ka mayar. Sa ribas ka yi haka. Lafiyayyen inji zai ɗan jingina ya dawo. Wanda kujerarsa ta yage zai yi tsalle ya buga, wani lokaci har hannun giya ya motsa a cikin mota. Kada a manta da kujerar giyabos da ke ƙasa, ita ce ido ba ya kai wa.

A motar da ke ja da gaba, kamar Golf, Sharan, 406 ko Corolla, sai shaf. Kan shaf na waje yana da muryarsa daban: ka karya sitiyari har ƙarshe ka tashi a hankali, za ka ji ƙas-ƙas-ƙas a jere. Na ciki shi ne mai gwaf ko jijjiga idan ka ba da wuta a miƙe. Dukansu biyu daga yagewar roba ciwonsu ke farawa. Giris ya fita, ƙurar hunturu da yashin damina su shiga, su haɗu da sauran giris ɗin su zama kamar dutsen wasa wuƙa. Direban da ya ga baƙin giris ya fantsama a cikin rim ya je a canza roba a makon, ya tsirar da kan shaf ɗinsa.

A motar da ke turawa da baya, kamar Hiace da Hilux, ka yi abin da na yi wa dattijon nan. Giya a firi, tayoyi a tokare, ka kama farfela a gaban kuros da bayansa ka murɗa saɓanin juna. Kuros ba ya da izinin yin wasa ko kaɗan. Ka girgiza robar tsakiya da ke riƙe farfela. Ka gwada notin da suka haɗa ta da aksul. Ɗan wasa a cikin aksul ɗin kansa dole ne, haka aka ƙera haƙoran, amma in ya yi yawa kuma ga kuka a kan gudu, a duba mai, a duba saiti. Sannan ka kalli maɗaurin sufirin da bushin ɗinsa, domin obalodi yakan sassauta su har aksul ya riƙa juyawa yana bugawa a duk tashi.

Sai ka wanke duk waɗannan daga zargi, sannan ka koma ga ɗakin kuloci. Can ma akwai masu yin gwaf. A tsakiyar faranti akwai 'yan sufirin da ke shanye bugun inji, in sun karye ko sun saki za ka ji su, wani lokaci ma guntun ya faɗo ya hana kuloci saki. Notin da suka haɗa inji da giyabos ma sukan kwance, musamman bayan aikin da aka yi cikin gaggawa.

Akwai kuma fulawil mai hawa biyu, wanda kamfanin LuK na Jamus ya fara fitarwa a 1985, yanzu kuma ya cika motocin Turai, musamman masu shan gas. Ƙarfe biyu ne da dogayen sufirin da giris a tsakaninsu. In ya gaji, za ka ji kwaram-kwaram a silo, da bugu lokacin tayarwa, da kuma bugu na ƙarshe idan ka kashe inji. Na san wasunmu sukan kai shi wurin mai walda a haɗe shi ya zama ɗaya, don sabo yana da tsada. Na fahimci halin da ake ciki, amma ban yarda da wannan aiki ba. Farantin da ke tafiya da irin wannan fulawil galibi ba shi da sufirin a tsakiya, domin fulawil ɗin ne ke yin aikin. In ka ƙone shi da walda, babu sauran mai shanye bugu, sai haƙoran giyabos da kiranshaf su sha. Ga shi walda ba ta daidaita nauyi. In aljihu bai kai ba, akwai cikakken saitin da ake sayarwa na fulawil mai hawa ɗaya tare da farantinsa mai sufirin, shi ya fi.

Idan shaida ta cika aka sauke, a yi aikin sau ɗaya. Mota ta zauna a kan ƙarfen tokara ko katako mai ƙwari, ba a kan jak kaɗai ba, ba kuma a kan bulo ba, domin bulo yana fashewa ba tare da gargaɗi ba. Baƙar ƙurar da ke cikin ɗakin kuloci kada a hura ta da baki ko da iskar kwamfaresa. Tsofaffin faranti da wasu masu arha suna ɗauke da asbestos, zaren da in ya shiga huhu ba ya fita, ciwonsa kuma sai bayan shekaru masu yawa yake bayyana. A jiƙa tsumma a goge. Iyayenmu masu gareji, yaran nan amana ce a hannunku, su ne ake turawa wannan aikin.

Ka karanta tsohon faranti kafin ka jefar. In kawunan kusoshinsa sun kusa fitowa, ya ci lokacinsa, Toyota ma ta sa iyakar zurfinsu a milimita 0.3. In kuwa yana da sauran nama amma ya ƙone, ko ya jiƙe, ko gefe ɗaya ya fi cinyewa, akwai dalilin da ba ka gano ba tukuna, kuma zai cinye sabon ma. A canza faranti da murfi da boris tare, tunda wahalar saukewa ɗaya ce. Ko a Ƙofar Ruwa za ka saya, ko a Panteka, ko daga Ladipo za a aiko maka, ka gwada da tsohon: faɗinsa, da yawan haƙoran tsakiya. Sunayen da aka sani su ne LuK, Sachs, Valeo, Aisin da Exedy, amma suna a kwali ba ya isa, ka saya wurin wanda zai karɓi kayansa in sun ƙi. Farantin da aka sake wa fata kuwa, fatar ce sabuwa, sufirin da haƙora na jiya ne. In mai mota ya zaɓi hakan don rashin hali, a gaya masa abin da ya saya.

Wajen ɗauri, a daidaita faranti a tsakiya da tsohon shaf, a ɗaure notin murfi kaɗan-kaɗan ana tsallakawa, a shafa giris ɗan mitsitsi a haƙoran shaf a goge ragowar. Giyabos ya shiga da kansa har ya zauna. Kada a jawo shi da noti, kada kuma a bar nauyinsa ya rataya a kan faranti, nan take yake lanƙwasa shi.

'Yan'uwa direbobi, saura ku. Ƙafar hagu in ta gama aiki ta sauka ƙasa, kada ta huta a kan feda. A cunkoso ko a danja, mayar da giya firi ka saki, domin riƙe feda a ƙasa yana gajiyar da boris, yana kuma tura kiranshaf gaba yana cin abin da ke tare shi. A kan tudu hambirki ne ke riƙe mota, ba rabin kuloci ba. Da lodi a tashi da giya ta ɗaya. In ta kafe a rairayi, a sauke fasinja a tura, minti biyu na fama yana iya ƙone farantin da zai yi shekaru. A gangara irin ta Hawan Kibo kuwa, don Allah kada a sa firi ko a taka kuloci don tsimin mai. Giya ce ke taimakon birki, in ka raba su birki shi kaɗai zai yi zafi ya ƙi kamawa, ga mutane cike da mota.

Akwai wata Golf da wata Hiace a waje, masu su sun yarda mu gwada a kansu, Allah Ya saka musu da alheri. Yara masu koyo su zo gaba, ku ne za ku taka feda ku faɗa mana abin da kuka ji, manya su tsaya a gefe su gyara muku. Wanda ke da tambaya ya riƙe ta har mu isa wurin motocin. A kawo duwatsun tokare taya guda huɗu.